Su wa suka fara rawar zamani? Daga Isadora Duncan zuwa balen samariya

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Sarkin Yamma, kamar sauran garuruwan da ke bakin Gulbin Maraɗi, rawa tana da lokacinta, kuma kowace tana da masu ita. Idan kaka ta yi, an ɗaure damman hatsi an kai rumbu, farin wata ya fito, ƴan mata kan hallara a dandali su yi da'ira, zabiya ta ba da waƙa saura su amsa da tafi, ɗaya bayan ɗaya suna shiga tsakiya suna faɗowa da baya a hannun ƙawayensu. Manomi yana da gangar noma, mahauci yana da kalangu, ɗan tauri da ɗan kokowa kowa ya san kiɗan da ke tayar masa da tsumi. Ba a tambayar wanda ya ƙago takun. An tashi an tarar da shi ne, kamar yadda aka tarar da gona.

Da za a tambayi saurayin garin abin da ake nufi da rawar zamani, wayarsa zai ciro ya nuna abin da ake yi a TikTok ko a finafinan Kano. Bai yi kuskure ba, haka kalmar take a bakin jama'a. Sai dai a wajen masana tarihin wasanni, abin da Faransawa ke kira danse moderne fanni ne da aka san lokacin haihuwarsa da sunayen iyayensa. Rawa ce da mutum guda ya ƙago takunta daga jikinsa da abin da ke damun zuciyarsa, ya sa mata suna, ya koya wa wasu, aka nuna ta ga mutanen da suka zo kallo kawai, ba tare da jiran aure ko suna ko naɗin sarauta ba. Fannin ya faro a Amurka da Jamus a wajejen 1900, ya biyo ta Paris da Dakar da Konakiri, wani reshensa ya iso Nijar ta hanyar lakwal da samariya. Dattawan da suka yi ƙuruciya a zamanin Seyni Kountché sun taɓa shi da jikinsu, ko da ba da wannan sunan suka san shi ba.

Tawayen da mata suka yi wa bale

Kafin wannan lokacin, rawar dandamali ɗaya ce Turawa ke gani da daraja, wato bale. Rawar fada ce. Sarki Louis na 14 na Faransa, wanda shi kansa gwanin rawa ne, ya kafa mata makaranta a 1661, aka shimfiɗa mata ƙa'idoji, har da tsayuwar ƙafa iri biyar da ake koyarwa har gobe. A ƙarni na 19 aka ƙara da wani takalmi mai taurin baki, wanda mace ke tsayawa da shi a kan yatsun ƙafa don ta yi kamar ba ta da nauyi. Baya a miƙe, ƙugu a ɗaure tamau, fuska ba ta nuna gajiya. Duk burin bale shi ne a rabu da ƙasa a nufi sama.

Waɗanda suka fara cewa ba su yarda ba mata ne, kuma Amurkawa, ƴan ƙasar da bale bai yi dogon jijiya a cikinta ba. Loie Fuller ta iso Paris a 1892 da wani abin da ba a saba gani ba. Tana sanye da yadi mai yawa na siliki, da sanduna ɓoye a hannuwan rigar, tana juyawa ana haska ta da fitilun lantarki masu launi, sai ta zama kamar fure, ta koma kamar harshen wuta. Ba ta yi makarantar bale ba, kuma jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallonta.

Wadda aka fi kira uwar rawar zamani kuwa ita ce Isadora Duncan, haifaffiyar San Francisco a 1877. Abin da ta yi, idan aka faɗe shi a dandalin Sarkin Yamma, dariya za a yi: ta tuɓe takalmi ta yi rawa da ƙafa tsirara. A Landan da Paris da Berlin na wancan zamani wannan babban al'amari ne. Ta yar da rigar matse ƙugu ta sa sakakkiya irin ta mutum-mutumin Girkawan da, tana tafiya, tana gudu, tana tsalle, tana faɗuwa, abubuwan da kowane yaro ke yi. A ganinta motsi daga ƙirji yake tasowa, ba daga ƙafar da aka tanƙwara da horo ba. Ta buɗe makaranta kusa da Berlin a 1904, wata kuma a Mosko a 1921. Rayuwarta ta sha ɗaci: ƴaƴanta biyu sun nutse a kogin Seine cikin mota a 1913, ita kuma ta rasu a birnin Nice a watan Satumba na 1927, lokacin da dogon gyalenta ya sarƙe a ƙafar motar da take ciki.

Duncan ta buɗe ƙofa amma ba ta bar tsarin koyarwa mai ƙarfi ba. Wannan aikin na bayanta ne. Ruth St. Denis da mijinta Ted Shawn sun kafa makarantar Denishawn a Los Angeles a 1915. St. Denis ta yi suna da rawar da take cewa ta Indiya ce ko ta Masar, alhali lokacin da ta fara tsara su ba ta taɓa taka waɗannan ƙasashe ba. Hoton wata gunkiyar Masar da ta gani a tallar taba sigari ne ya fara ba ta sha'awa. A yau ana sukar ta da yin ado da kayan mutane. Amma daga makarantarta ne Martha Graham da Doris Humphrey suka fito.

Graham ta fara nuna aikin kanta a New York a 1926. Ta gina dabararta a kan numfashi: idan mutum ya fitar da iska cikinsa ya lotsa, idan ya shaƙa ya buɗe, kamar mai kuka ko mai naƙuda. A rawarta mai suna Lamentation, ta 1930, ba ta ma tashi tsaye sosai ba. Tana zaune a kan benci cikin wani yadi mai talewa, tana miƙa tana murɗewa kamar baƙin ciki ne da kansa ya sami jiki. A 1936 gwamnatin Hitler ta gayyace ta wasannin Olamfik na Berlin, ta ƙi zuwa. Ta rayu har 1991, ta bar raye-raye sama da 180. Humphrey kuma ta gina tata dabarar a kan faɗuwa da farfaɗowa. A Jamus, Mary Wigman tana yin rawar mayya tun 1914, daga baya ta sake ta tana zaune a ƙasa da fuskar katako, wani lokaci da ganga kawai, wani lokaci ba kiɗa ko kaɗan. Malaminta Rudolf Laban ya fitar da hanyar rubuta rawa da alamomi a 1928, yadda za a iya ajiye taku a takarda kamar yadda ake ajiye magana.

Ƙafa tsirara, gwiwa a tanƙware, nauyi a ƙasa, baya da ƙirji suna magana, ganga tana jan ragama. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin dandali a ƙasar Hausa ya san wannan jikin. Turawan sun sha wahala kafin su iso inda wasu suka daɗe da zama.

Baƙaƙen da aka daɗe ba a lissafa da su

Littattafan farko na tarihin rawar zamani sun tsaya ne a kan sunayen da aka ambata a sama. An ɗauki lokaci kafin a yarda cewa baƙar fata ma suna cikin masu aza tubalin. Dalilin a fili yake: a Paris ta shekarun 1920, idan baƙi ya hau dandamali, abin da ake so a gani shi ne daji. Josephine Baker ta iso a 1925 ta yi suna, amma da bantan ayaba aka fi tuna ta. Féral Benga, ɗan Dakar, ya yi rawa a gidan wasa na Folies Bergère a wannan zamanin, masu zane da masu sassaƙa suna rububin siffar jikinsa, ba su damu da abin da ke kansa ba.

Asadata Dafora, ɗan Saliyo, ya karya wannan a New York a 1934 da wasansa mai suna Kykunkor, cikakken labari da aka tsara da rawa da waƙa da ganguna na Afirka ta Yamma, kuma ɗan Afirka ne ya tsara shi. Katherine Dunham, wadda ta karanci ilimin al'adun ɗan Adam a jami'ar Chicago, ta tafi tsibiran Karebiyan a 1935, ta daɗe a Haiti tana koyon rawar da jikokin bayi suka riƙe, ta dawo ta mayar da ita dabarar koyarwa mai ƙa'ida, wadda a cikinta kafaɗa da ƙirji da ƙugu kowanne ke motsinsa daban. Pearl Primus, haifaffiyar Trinidad, ta sami tallafi a 1948 ta zo Afirka da kanta, ta shafe fiye da shekara tana zagaya Nijeriya da Laberiya da Kongo da wasu ƙasashe, tana zama a ƙauyuka tana koyo. Ɗaya daga cikin raye-rayenta na farko a kan kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe a kudancin Amurka take. A hannun waɗannan mata rawa ta zama hanyar kai ƙara.

Yadda aka buɗe da'ira

A Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, labarin ya fara ne a makarantar William Ponty ta Senegal, inda ake horar da malaman lakwal da akawuna na dukan yankin. Daga nan Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary suka fito. A shekarun 1930 an riƙa umurtar ɗalibai, idan sun tafi hutu gida, su tattaro al'adu da tatsuniyoyi da waƙoƙin garuruwansu, su dawo su mayar da su wasan da za a nuna a bikin ƙarshen shekara gaban gwamna da manyan Nasara. A 1937 har Paris aka kai su. Wasa ne na ƙarƙashin idon mai mulki, ba shakka, amma a nan ne ƴan boko na farko suka koyi ɗauko rawar gida su ɗora ta a kan dandamali.

Wanda ya kai abin ƙololuwa tsohon ɗalibin Ponty ne, Keita Fodéba, ɗan Siguiri ta ƙasar Gine, an haife shi a 1921. Ya je Paris a ƙarshen shekarun 1940, ya tara ɗalibai da makaɗa, cikinsu har da mai jita Kanté Facelli, a farkon shekarun 1950 ƙungiyar ta zama Les Ballets Africains. Sun zagaya Turai, sun kai Amurka a 1959, inda hukumomin New York suka tilasta wa matan ƙungiyar rufe ƙirji, abin da ya jawo cacar baki a jaridu. Bayan Gine ta sami ƴanci ƙungiyar ta zama ta ƙasa.

Fodéba ya fahimci matsalar sarai, ya kuma yi rubutu a kanta a mujallar Présence Africaine a 1957. A ƙauye rawa da'ira ce. Mai kallo yanzu shi ne mai rawa an jima, ba gaba ba baya, kuma ana iya kwana ana yi. A gidan wasa kuwa mutane suna zaune a gefe ɗaya, sun biya kuɗi, ba za su shiga fili ba, kuma bayan minti kaɗan sun ƙosa. Dole a yanke da'irar a buɗe ta ta fuskanci ƴan kallo, a jera masu rawa sahu-sahu, a taƙaita abin da ake yi dare guda ya koma ƴan mintoci, a zaɓi takun da ya fi ɗaukar ido a zubar da maimaici. Wanda ya yi wannan zaɓin ya zama mai tsara rawa, ko ya yarda ko bai yarda ba. Abin da ya fito daga hannunsa sabon abu ne, ko da an rubuta "gargajiya" a jikin takardar gayyata.

Ƙarshen Fodéba darasi ne ga duk mai wasan da ya kusanci mulki. Sékou Touré ya ba shi ministan cikin gida, daga baya na tsaro. A 1969 aka zarge shi da hannu a makirci, aka tsare shi a sansanin Boiro, aka kashe shi ba tare da shari'ar kirki ba. Amma samfurin da ya bari ya bazu. Kusan kowace sabuwar ƙasa ta so ta sami balenta kamar yadda ta sami tuta da taken ƙasa, kuma manyan bukukuwan Dakar a 1966, Alje a 1969 da Legas a 1977 sun zama fagen gwada su. A Kano ma a shekarun 1970 aka haɗa rawar koroso daga takun Fulani da na Hausawa don irin waɗannan bukukuwa, ga shi yau yara da yawa sun ɗauka tun kaka da kakanni take. Daga Fodéba ne kalmar bale ta sauya ma'ana a bakinmu: a Paris tana nufin mace a kan yatsun ƙafa, a Maraɗi tana nufin samari da ƴan mata a jere, da ganguna a gefe, suna ba da labari da rawa.

Nijar: daga Hauka zuwa festibal

Tun kafin wani ya yi maganar dandamali, ƴan Nijar sun nuna cewa jiki yana iya ƙago sabon motsi daga sabon zamani. A wajejen 1925, a yankin Filinge, aka ga ɓullar wasu iskoki da ba a san su ba a bori, waɗanda Zabarmawa ke kira Hauka, Hausawan Arewa kuma Babule. Wanda suka hau kansa yakan yi tafiyar soja, ya sara, ya yi tsawa kamar kumandan, ya kwaikwayi gwamna da likita da direban jirgin ƙasa. Kumandan Croccichia ya kama su ya kulle a Yamai, abin bai mutu ba, ya bi ƴan ci-rani har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗinsa Les Maîtres fous na 1955. Wannan ba wasan kallo ba ne, al'amarin bori ne, kuma masu yin sa ba su ɗauke shi fasaha ba. Duk da haka yana nuna cewa rawar da ake kira ta gargajiya ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ba.

Ƴan ci-ranin sun kuma san wata rawar ta birni, gumbe, wadda ƙungiyoyin samari baƙi ke shiryawa a titunan Treichville ta Abijan, da shugabanni da kuɗin shiga da gasar gwanaye. Ana ganin ta a fim ɗin Moi, un noir na 1958, wanda Oumarou Ganda ya fito a cikinsa yana ɗan dako a tashar jiragen ruwa. A Yamai kuma malaman lakwal da ma'aikata suna da ƙungiyar wasansu, Amicale, inda Mahamane Dan Dobi ya yi fice. Bayan ƴancin kai, gwamnatin Diori ta riƙa shirya makon matasa, jihohi suna turo ƙungiyoyinsu babban birni.

Amma abin da ya kai sabon tsarin har ƙauye shi ne samariya. Tsohuwar ƙungiya ce ta ƙasar Hausa, da sarkin samarinta, wadda ke shirya gayya da wasannin dandali. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilun 1974, Kountché ya haramta jam'iyyu, ya farfaɗo da samariya ya mayar da ita hanyar da gwamnati ke isa ga matasa a kowace unguwa da kowane ƙauye. A 1976 aka yi festibal na farko na matasan ƙasa a Damagaram, daga nan ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi, Maraɗi ma ta karɓi baƙuncinsa, kuma ana haɗa shi da zagayowar ranar juyin mulkin. Ana gasa a waƙa da wasan kwaikwayo da kiɗa da bale.

Yadda ake tankaɗe da rairaya shi ne ya sa abin ya ratsa ko'ina. Ba a zuwa festibal kai tsaye. Ƙauyuka su kara a tsakaninsu, gwanaye su wakilci gunduma, irin su Madarunfa, gundumomi su kara a Maraɗi, sannan a fitar da tawagar jiha. Ke nan matsalar da Fodéba ya yi fama da ita a Paris ta iso gaban sarkin samari da mushen lakwal da jami'in matasa a karkara. Ga alƙalai a zaune a tebur da agogo. Ga fili mai gaba da baya. Dole a san ta inda za a shigo da ta inda za a fita, a daidaita ƙafa ashirin su sauka lokaci guda, a ɗinka kaya iri ɗaya, a yi ta gwaji da dare bayan an dawo daga gona. Makaɗin da ya saba bin ƙafar mai rawa yana mata kirari, yanzu an ce ya riƙe ƙidaya. Kuma dole rawar ta faɗi wani abu: labarin farauta, ko bikin aure, ko girkar bori da aka kwaikwaya ba tare da iska ta sauka ba, ko wani jarumin tarihi, ko kuma saƙon da gwamnati ke so, haɗin kan ƙasa, illar tafiya bida, yaƙi da hamada, musamman bayan babban taron da aka yi a kan gurgusowar hamada a Maraɗi a 1984. Da Télé Sahel ta fara aiki a ƙarshen shekarun 1970, aka kuma kafa talabijin na jama'a a garuruwa, sai ɗan Maraɗi ya ga takun Agadas da na Difa, ya ara, ya gyara, ya kai gasar baɗi.

Ba a rasa abin suka ba. Samariya ta zamanin soja kayan aikin mulki ce, yabon gwamnati ya yi yawa a cikin waƙoƙin, kuma ba a hau dandamalin festibal don a ce shugaba ya yi kuskure ba. Graham ta iya ƙin gayyatar Berlin. Sarkin samari ba shi da wannan damar gaban sufurefe. Wasu iyaye da malamai kuma ba su taɓa sakin jiki da fitar ƴan mata gwaji da dare ba. Duk da haka, idan ma'aunin shi ne mutum ya ɗauki taku ya sāke masa tsari da gangan don ya faɗi wata magana ga masu kallo, to waɗannan mutanen su ne majagaban rawar dandamali a ƙasar nan. Bambancinsu da Duncan shi ne kyautar da sunan jiha ake ba da ita, ba da sunan wanda ya tsara ba.

Abin da ya biyo baya

A daidai lokacin da festibal ke tashe a Nijar, Dakar ta ɗauki wata hanyar. A 1977 shugaba Senghor da Maurice Béjart suka kafa makarantar Mudra Afrique, suka damƙa ta a hannun Germaine Acogny, haifaffiyar Benin da ta tashi a Senegal. A can ɗalibi yana koyon bale na Turai da dabarar Graham da rawar Afirka a rana guda, Doudou N'Diaye Rose yana kan ganga. Acogny ta gina dabararta a kan ƙashin baya, tana cewa ɗalibai su kalli yadda itacen kuka da rimi suke kafe a ƙasa alhali rassansu na motsi. Makarantar ba ta yi shekaru da yawa ba kuɗi suka yanke, amma ɗalibanta, irin su Irène Tassembédo ta Burkina Faso, sun bazu. Acogny ta sake kafa wata, École des Sables, a Toubab Dialaw a bakin teku, inda ake rawa a kan yashi, kuma a 2021 birnin Venise ya ba ta babbar kyautarsa ta Zinariyar Zaki. Gasar masu tsara rawa ta Afirka ta fara a Luanda a 1995, Salia Sanou da Seydou Boro suka buɗe cibiyarsu a Wagadugu a 2006. Ana yi wa wannan zangon gorin cewa kuɗinsa daga Faransa suke fitowa, ƴan kallonsa ma galibi a can suke, kuma gorin yana da ƙamshin gaskiya.

A Nijar kuwa, da guguwar dimokuraɗiyya ta taso aka yi taron ƙasa na 1991, samariya ta tafi da tsarin da ya ɗauke ta. Matasan birni suka koma rap da rawar hip-hop, na karkara suka koma finafinan Kano masu rawa irin ta Indiya. Ra'ayin jama'a game da nuna jiki a bainar jama'a ma ya ƙara tsauri. Tarzomar da aka yi a Yamai da Maraɗi a Nuwamban 2000 kan bikin nuna tufafi na FIMA ta nuna haka, ko da yake ba a kan rawa aka yi ta ba. Bale bai ɓace ba. An gan shi a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓa a Disamban 2005, inda aka yi gasar ƙirƙirarriyar rawa mai tushe a gargajiya, an kuma riƙa ganin sa a bukukuwan 18 ga Disamba da suka zagaya jihohi, kamar Maraɗi Kwalliya a 2015. Sai dai tsanin nan da ke tasowa daga dandalin ƙauye har zuwa matakin ƙasa ya karye.

Raye-rayen Graham suna nan a fim, wasu na Humphrey a rubuce da alamomin Laban, ana sake nuna su yadda aka tsara su. Na samariya, abin da ya tsira yana cikin tsofaffin kaset na gidan rediyo da talabijin na ƙasa, waɗanda zafi da ƙura ba sa raga musu, sauran kuma yana jikin waɗanda suka yi su. Yarinyar da ta shiga bale tana da shekara 16 a festibal na farko, a 1960 aka haife ta, tare da ƴancin ƙasar. Yau kaka ce, wataƙila hajiya, kuma ba lalle ta so a tuna mata a gaban surukai ba. A Sarkin Yamma da Safo da Jiratawa da Gabi akwai irinta, akwai tsofaffin sarakunan samari da makaɗansu. Su ne za su iya faɗin wanda ya ce a buɗe da'irar ta wannan gefen, wanda ya kawo takun da aka ci gasar gunduma da shi, da garin da aka aro shi.